Ranar da Na'ura Ta Ce Babu Unguwar Gawo

Mu biyar ne a biro, wato ofishin ƙungiyar manoma, ran nan. Akwai ni, Habsu, da nake riƙe da matan Unguwar Gawo tun kafin a yi wa ƙungiya ɗaki. Akwai Lawali sakatare, ɗan ƙawata marigayiya, wanda na goya yana majina. Akwai Tsahara maƙwabciyata, ba ta daɗe da fita takaba ba. Akwai jikata Balkisa, wadda ta yi karatun odinatar, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, a Maraɗi. Na biyar shi ne Illa mai amalanke. Shi bai shigo ba, yana gindin iccen bedi da jakinsa, yana jiran buhunan da muka ce masa za a ɗauka.

Abin da ya tuno mini da ranar, makon nan ne na buɗe tulun iri na shanya, zafin bazara ya daki bayana, na ji ƴan matan gidanmu suna labarin wahalar azumin bana. Azumin da aka yi ana lulluɓa da safe. Na bar su suka gama.

Shekarar da nake magana, daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke gero na ciki. Zangarniya ta fito tsaye kamar ta arziki, ka murza a tafin hannu ka busa, babu abin da zai saura. Gonar da takan ba ni dami talatin ta ba ni tara. Kafin sanyi ya fita maza sun tsallaka Nijeriya cin rani, gari ya zama na mata da tsofaffi da awaki. Tafki ya ja baya ya bar laka, lakar ta tsattsage har ƙafar akuya na faɗawa ciki. A cikin wannan hali azumi ya shigo, tsakiyar bazara.

Sahur ɗumame ne in an samu, in ba a samu ba kunu. Da an sallame asuba mu hau daka, don in rana ta ɗaga taɓarya kanta zafi take yi. Daga nan rijiya. Kafin hantsi an gama duk aikin da ke son ƙarfi. Azahar ba ta mutum ba ce: mu jiƙa zane mu yafa, mu kwanta a zaure, kafin ka juya zanen ya bushe ƙaƙas. Miyau ya kafe, harshe ya yi nauyi kamar ba naka ba. Da la'asar mu fita neman ganye, zogale in mai lambu ya ji tausayi, in ba haka ba busasshiyar tafasar bara, a kwaɗa da ɗan ƙuli. Buɗe-baki kunun tsamiya ne tsararo, kana hango gindin ƙwarya.

A mako na biyu na ji Tsahara na daka ta bayan danga. Wanda ya daɗe yana daka ya san kukan turmi in hatsin ciki bai kai ya rufe gindi ba. Na leƙa. Irin shukarta ne take dakawa. Ta dube ni, na dube ta, yaranta huɗu na zaune a inuwar rumbu. Na koma ɗakina. Kafin azumi ya raba, gida fiye da rabi a unguwarmu sun ci irinsu.

Azumi zagayowa yake yi. Shekara talatin da ƴan kai kafin wannan ma ya taɓa faɗowa a bazarar yunwa, ina da goyo. Lokacin mun rufe gidanmu mun kafa bukka a bakin tafki, don can ana samun bado da ƴan kifi. Masu rubuta gidaje don rabon hatsi suka zo unguwa suka tarar da ƙofarmu a rufe. Maƙwabciyarmu ta ce musu muna nan da rai, muna bakin tafki, ga ma hanya nan, ba ta kai tafiyar shan fura ba. Mai takarda ya ce shi iyakar aikinsa cikin gari, ba a aike shi tafki ba. Ba a rubuta mu ba. Goyon nan bai ga kaka ba.

To, a wannan bazarar yunwa ta biyu da nake ba da labari sai aka aiko wa ƙungiya iri daga Maraɗi, gero mai saurin nuna da wake. Ƙa'idar masu aikowa ita ce mai kula da magaza, ɗakin ajiyar buhuna, ba ya fid da buhu sai listar unguwa ta buɗe masa a shafin ƙungiya cikin salularsa. Shafin nan Balkisa ce ta rubuta shi tun bara. Na'urar da ke riƙe da shi tana nan biro kan tebur, sola da batir ke ba ta wuta. Unguwanni suka yi ta ɗauka. Ranar tamu ita ce ta ƙarshe, kuma an faɗa mana abin da ya kwana a magaza, da safe mota za ta wuce da shi garin Gabi.

Da hantsi Illa ya dawo da amalanke wofi.

"Iya, sun ce babu ku."

"Babu mu ina?"

"Cikin salula. Mai magaza ya nuna mini. An taɓa Unguwar Gawo, sai ta ce babu."

Na ɗauki mayafi. Na biya na ɗauko Tsahara, na aika a taso Balkisa daga barcin azumi.

Biron ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano. Shiga cikinsa da rana kamar shiga tanda. Lawali na zaune da ƴar shara, yana fifita da kwali.

"Inna, sannu da rana. Da kin aiko ai da na zo."

"Da na aiko da ka ce kana zuwa. Lawali, mi ya ci unguwarmu?"

"Wallahi Inna ni ma abin ya ɗaure mini kai. Na gwada ya fi sau goma. Na kira Maraɗi, sun ce in ba ta buɗe ba, ba ta buɗe ba, su ba su da ta cewa. Ki yi haƙuri, wataƙila akwai zagaye na biyu."

"Ruwan sama zagaye nawa ya yi maka alkawari?"

Na shimfiɗa mayafina a bakin ƙofa na zauna, na miƙe ƙafa ta yadda mai fita sai ya tsallake ni. Na ce masa mata arba'in da uku na tara da kaina a ƙarƙashin gawo aka rubuta su, ina tsaye aka ɗauki hoton kowace a gonarta. Ni ban yi lakkwal ba, ban san ajin boko ba, amma ban yarda abin da aka rubuta gabana ya tashi sama ba.

Balkisa ta shigo tana mutsuke ido.

"Tsohuwa, ke ko azumi bai rage miki faɗa?"

"Zauna ki tambayi abinki. Ke kika haife shi."

Ta zauna gaban allo. Ta daɗe tana danne-danne, gumi na ɗiga daga haɓarta. Can ta ce, "Ga dosiyen nan, jakar takardunku. Ina ganin sunanta, Unguwar Gawo, a jere da sauran. Amma shafi ya ƙi ta."

Na ce ta bayyana mini yadda abin ke aiki, da Hausa, ba da yaren lakkwal ba. Ta ce abin da ta rubuta kamar ɗan aike ne. In mutum ya taɓa sunan unguwa, ɗan aiken zai bi hanya zuwa dosiyen unguwar ya ɗauko lista. Amma ta kafa masa doka: kafin ya ɗauko komai sai ya bi hanyar har ƙarshenta, ya ga inda abin yake zaune da gaske. In cikin gidan listoci yake, ya kawo. In hanyar ta fitar da shi waje, ya dawo ya ce babu. Ta ce ta yi haka ne don kada wani ya aike shi inda bai kamata ba.

Na san wannan ɗan aiken. Na taɓa haɗuwa da shi yana sanye da riga da takarda a hannu.

Na ce, "To mi zai fitar da shi waje, tunda kin ce ga sunanmu nan cikin gida?"

"Shi nake nema."

Ni mutum ce mai zama in kalli abin da ake yi. Da rani, wata biyu kafin nan, na zo biro wata rana na tarar da Isuhu mai gyaran na'urori, wanda kan zo daga Maraɗi a moto. Yana ta mita, wai cikin na'ura ya cika, wai wata unguwa ta cinye wuri da hotuna. Unguwarmu yake nufi, don ni kaɗai na dage sai an ɗauki kowace mace da gonarta, kada gobe wani ya ce ba tata ba ce. Na ga ya fiddo wani ɗan baƙin akwati kamar sabulun wanki, ya jona da igiya, ya tura shi bayan tulin takardu. Na tambaye shi mi yake yi. Ya ce, "Iya, kayanku na kwashe na kai sabon ɗaki, na bar alama a tsohon." Daga nan ya tafi arewa aiki, salularsa ma ba ta shiga.

Na faɗa wa Balkisa wannan kamar yadda na gani. Ta juyo ta dube ni, ta koma allo ta rubuta wani abu gajere. Sai ta dafe kai.

"Liyan ne. Tsohuwa, ba dosiye ba ce, manuni ne. Sunan kawai gare shi, babu komai ciki sai kwatancen inda dosiyen gaskiya take. Isuhu ya maida ku baƙin akwati. Ɗan aikena ya bi kwatancen, ya ga ya fita gidan listoci, ya dawo ya ce babu ku."

Tsahara ta ce, "Ke nan muna nan?"

"Kuna nan, Inna Tsahara."

Lawali ya miƙe yana murna. "To alhamdu lillahi. Maido su mana."

Balkisa ta ce ba wuri, abin da ya sa aka kwashe su ke nan. Ta ce hanya mafi sauri ita ce ta goge dokar nan, layi uku ne, ɗan aike ya bi kowane manuni duk inda ya nufa. Kafin a ƙirga ɗari an gama.

A lokacin azahar ta gota. Gabas ta fara haɗa baƙi, iska mai zafi na turo ƙofa. Hadarin da muka yi wata muna roƙo, shi ne ya rufe rana, sola ta daina ci, wani abu a jikin batir ya fara ƙara kamar ɗan tsako. Lawali ya ce in ya fara wannan kukan, bai fi sa'a guda ya rage ba.

"Goge, Balkisa," in ji shi.

Na ce, "Tsaya. In kin goge, wa zai iya aiken shi?"

Balkisa ta ce sakatarorin unguwanni duka suna iya ajiye abu cikin dosiyen unguwarsu, su da duk wanda suka ba makullinsu. In babu dokar, kowane ɗayansu zai iya dasa irin wannan manuni, ya nuna wani wuri dabam cikin na'ura, shafi ya ɗauko masa.

"Wane wuri?"

"Kamar inda hotunan katin mata suke, da lambobin salularsu, da takardun gonaki."

Takardun gonaki. Mazan unguwa suna Nijeriya, wasu shekara biyu ba labari. Tsahara na da ƙanen miji da tun ranar sadakar bakwai yake zagaya gonarta yana auna ta da ido. Ni na bi gida gida na karɓo takardun nan, na ce musu suna hannuna.

Na ce, "Ba za a goge ba."

Lawali ya buɗe baki. "Haba Inna. Ke kika tare ƙofa kika ce sai an buɗe, yanzu an samu hanya kuma ke ce mai hanawa? A goge yau, gobe a maida."

"Gobenka na sani. Tun kana rarrafe nake jin ta."

"To in batir ya mutu fa? Ki je ki faɗa wa matanki?"

"Ni zan faɗa musu, ba kai ba. Balkisa, ba ki iya gaya wa ɗan aikenki gida biyu ne namu? Wanga na nan, da wancan na cikin akwati. Ki kira masa sunan ɗakin, ɗakin listarmu kaɗai, ba akwatin duka ba. In manuni ya kai shi ɗayan biyun nan, ya kawo. In ya kai shi wani wuri, ya ce babu kamar yadda ya saba."

Ta ce ana iyawa, amma sai ta nemo ainihin sunan wurin, ta gyara dokar a hankali, don in ta yi kuskuren harafi ɗaya za ta iya rufe sauran unguwanni ma.

"To mi kike jira, goro?"

Ta sa hannu. Batir na ta kuka. Na'urar ta ɗauki zafi tana huci, Tsahara ta karɓi kwalin Lawali ta tsaya tana yi mata fifita kamar mai jinya. Na ji zuciyata na cewa, Habsu, in wutar nan ta ɗauke, gida arba'in da uku kika hana shuka da bakinki. Na ce da ita ta yi mini shiru. Daga waje Illa ya leƙo ya ce jakinsa ya fara jin ƙanshin ruwa, in za a yi a yi.

Balkisa ta ce, "Na gama." Lawali ya ɗauki salularsa daga kan tebur, igiya na reto a gindinta, ya taɓa Unguwar Gawo.

"Babu," in ji shi.

Balkisa ta ce ba zai yiwu ba. Ta sake dubawa. Ta ce yanzu ba doka ce ta hana ba, ɗan aike ya bi kwatance ya je, ya tarar wurin ma babu shi gaba ɗaya, kamar an ɗauke ɗakin.

Na tashi na je bayan tulin takardun nan na ɗaga. Ga baƙin akwati. Ranar da Isuhu ya jona shi na ga wata ƴar wuta shuɗiya a goshinsa tana ƙiftawa. Yau babu. Na bi igiyarsa da hannu, na tarar da bakinta a ƙasa cikin ƙura. Na bi ramin da ya kamata ta shiga a jikin na'ura, na tarar da wata igiyar a ciki. Na bi wannan, ta kai ni hannun Lawali.

Lawali ya dubi salularsa, ya dubi igiyar.

"Inna, gidanmu ba kuran, ba wutar cajin salula tun shekaranjiya. Na ga kamar ba ta aikin komai."

"Cire."

Ya cire. Balkisa ta jona akwatin, wutar ta dawo tana ƙiftawa. Ta ɗan yi wani abu a allo, ta ce ya sake taɓawa. Ya taɓa, ya juyo mini da fuskar salular. Ni ba karatu nake ba, amma na ga layuka sun sauko, na ga Tsahara tsaye a gonarta da hauya a kafaɗa, ƙarama kamar ƙwayar wake.

Lawali ya nufi ƙofa zai kira Illa. Na tare shi.

"Saura. Balkisa, dasa manunin ƙarya. Ki nuna shi inda takardun gonaki suke, ki aiki ɗan aikenki mu gani."

"Tsohuwa, batir."

"In ban gani da idona ba, ban tashi."

Ta yi tsaki irin na uwarta, amma ta dasa. Ta taɓa. Allo ya fito da ɗan rubutu guda. Na ce mi ya ce. Ta ce, "Ya ce babu." Na ce to yanzu ya faɗi gaskiya, ta tumɓuke abin da ta dasa. Ta tumɓuke. Na sa Lawali ya kira mai magaza tun muna tsaye, ya buɗe listar a tasa salular, ya karanto mana suna uku na farko da bakinsa. Bai kai ga na huɗu ba batir ya yi dogon kuka, allo ya mutu.

Mai magaza ya ce ya gani, kuma ta zauna a salularsa, mu turo amalanke.

Sawu uku Illa ya yi kafin magariba. Muka sauke a ƙarƙashin gawo, mata suka fito da ƙore da tsofaffin zannuwa, na zauna da tiya ina aunawa, Balkisa na kiran suna daga takardar da mai magaza ya kwafo da hannu. Iska ta taso da ƙarfi ta kwashe mana faifai biyu, aka yi ta walƙiya ta wajen Ɗan Issa. Ladan ya kira salla muna kan awo. Aka miƙo mini ruwan randa a moɗa, na sha a zaune inda nake, na ci gaba. Tsahara ta ƙulle nata a bakin zane ta rungume kamar jariri. Na ce mata in na sake jin turminta kafin shuka, da ni za ta yi.

Hadarin bai sauka a garinmu Madarunfa ba. Ya zagaye mu ya zubar a kudu, mu ko ɗigo.

Da safe bayan asuba na raba irina biyu, na ɗaure rabi na rataye a ɗaka. Na ɗauki sungumi na buga wa Tsahara danga. Dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci suka ce, Habsu, binne za ki yi a ƙasar da ko raɓa ba ta gani ba, da irin da aka sha wuya aka samu? Na gaishe su na wuce. A gona ƙasa ta riga ta ɗauki ɗumi, in na sara ƙura ce ke tashi. Ina gaba ina sara, Tsahara na baya tana jefa ƙwaya.

Mun kai tsakiyar layi na uku ta tsaya ta dubi sama, fes, ko gajimare babu.

"Iya, in bai zo ba fa?"

Na ce, "Sa ƙafa ki rufe ramin, rana na yi."